Tsohuwar Hiace za ta iya kai mu Mambila ta dawo?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Toyota Hiace ƙirar 1998, mai shan dizal, injin 5L. Wanda ya sayar mini ya cire kujerun baya ya sa gado da ɗan kabad, ana iya kwana a ciki. Mita ta nuna kilomita 340,000. Idan damina ta ɗauke ina so in ɗauki maiɗakina da yara uku daga nan Sakkwato mu je Gembu, a kan tsaunin Mambila. Mahaifina ya yi koyarwa a can, har Allah ya ɗauki ransa yana ba mu labarin sanyin wurin da gonar shayi ta Kakara, ni kuwa ban taɓa zuwa ba. Za mu bi Gusau, Funtuwa, Zariya, Jos, Bauchi, Gombe, Jalingo, sannan Bali da Serti. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a watan Afrilu kan hanyar Argungu allurar zafi ta haura rabi, na tsaya ta huce, ba ta sake ba. Ku gaya mini gaskiya, in ɗauko ta ko in haƙura?

Wani bakanike:
Wa alaikumus salam Alhaji. Shekarunta ba su ba ni tsoro ba, wannan allurar ce ta ba ni. Injin 5L yana da juriya, amma idan ya tafasa kan injin na iya tsagewa, kuma a ƙarƙashin kujerarka yake, iska ba ta wadace shi ba. A sauke lagireto a wanke shi ciki da waje, a canza murfinsa, a matsa kowane tiyo da hannu, wanda ya yi laushi ko ya bushe a jefar. A duba famfon ruwa da kulocin fanka. Sai taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da na fistin a cikin inji. Duk kilomita 100,000 ake canza shi, idan ba ka san ranar da aka sa na ciki ba, ka ɗauka lokacinsa ya yi. Ranar da ya tsinke kana gudu, bawul ne za su lanƙwashe, ba gyaran bakin hanya ba ne.

Tsohon direba:
Ɗana, na yi shekaru ina bin wagga hanya. Har Serti ba abin da zai dame ka in ban da ramuka. Daga Mayo Selbe, gindin tsaunin, ne za ka san motarka, hawa ne mai kwana a kan kwana. Amma ni gangara na fi tsoro. Wanda ya ɗora ƙafa kan birki tun daga sama, kafin ya kai ƙasa man birki ya tafasa, ya taka ya ji wayam. Ka sauko da giya ta biyu, wani wurin ta ɗaya, injin ya riƙe motar. Ka zubar da tsohon man birki ka sa sabo kafin ka tashi, don yana shan ruwa in ya daɗe. Kuma ka duba lamba huɗu da ke gefen taya: biyun farko makon da aka ƙera ta ne, biyun ƙarshe shekarar. Taya mai zane mai kyau amma ta tsufa, zafin kwalta tsakanin Gombe da Numan zai fasa ta.

Wata 'yar uwa:
Yaya, ku kuna ta inji, ni yaran nake tunani. Don Allah kada gadon nan ya sa ku kwana a bakin hanya. Daga Tureta zuwa Tsafe kowa ya san halin da ake ciki, ku wuce da rana tsaka, ku kwana cikin gari. Kada a kunna risho ko tukunyar gas cikin mota a rufe saboda sanyin Mambila, hayaƙinsa ba ya wari, yana kisa cikin barci. Kuma tunda an cire kujeru, a ina yaran za su zauna da bel?

Wani ɗan uwa:
Ni dai da ni ne, sai in bar ta a Jalingo in shiga motar haya zuwa sama. Direbobin can kullum suna hawa.

Bakaniken ya ƙara:
Shi ma ra'ayi ne. Amma kafin nan Alhaji, bayan gyara ka loda mata kayan da za ku tafi da su, ka je Birnin Kabi ka dawo da azahar, idonka kan allura. In ta motsa, a sake buɗewa. Ka riƙe fanbel, tiyo, matatar mai, jarkar ruwa da safaya biyu. Kayan Hiace kusan kowace tasha akwai su, wannan kam ta taimake ka.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganar kujeru ta shige ni, wallahi ban yi tunaninta ba, za a mayar da layi ɗaya mai bel. Gobe da safe zan kai ta gareji a fara da lagireto da taimin bel. Baba, in na kai Serti zan yanke shawarar hawa da ita ko in bar ta a ƙasa.