Wai don a gyara yanayi sai mun daina cin nama?

Baƙon_Ingila:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata magana da ta daɗe tana cina a rai nace bari in kawo ta nan ko masu sani za su warware min. Karatu nake a Ingila, to a gidan da muke haya akwai wata baturiya 'yar ajinmu, irin waɗanda ake cewa 'yan bigan ɗin nan ce, bata cin nama bata cin kifi bata shan madara bata cin ƙwai, kai har zuma bata sha, takalmin fata ma bata sawa. Yarinyar tana da kirki gaskiya bata taɓa zagina ba, amma kullum in na ɗora tukunya sai ta kawo min zancen cewa shanu na cikin manyan abubuwan da ke ɗumama duniya, wai duk mai kishin muhalli da gaske to daga farantinsa zai fara. Ni kuma kakana makiyayi ne, da kuɗin shanu aka biya ma babanmu makaranta, to abin yana min wani iri. Tambayata guda biyu ce, shin maganar shanun nan gaskiya ce ko dai irin farfagandar turawa ce? Sannan in ni kaɗai na daina cin nama me zai canza a duniya tsakani da Allah?

Ɗan Kurmi:

Hhhh malam kai da kake Turai kake da wannan damuwar. Mu nan ai tsadar rayuwa ta riga ta mai da mu 'yan bigan ba tare da an tambaye mu ba. Wani gidan daga layya sai layya, in ka ga tsoka a miya to baƙo aka yi. Ka ce mata tazo Kano ta ga muridanta miliyoyi, kuma ba wanda ya taɓa basu lambar yabo.

Malamin Dabbobi:

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in amsa maka tunda fannina ne, kayi haƙuri zan ɗan ja da tsawo.

Maganar farko ba ƙarya tayi maka ba. Saniya da tunkiya da akuya da raƙumi duk masu tuƙa ne, a cikin tumbinsu akwai ƙananan halittu da ke narkar da ciyawa, to wajen wannan aikin ne wata iska da ake kira metan take fitowa, kuma yawancinta ta gyatsa take fita ba ta baya ba kamar yadda mutane ke ɗauka. Iskar nan tafi hayaƙin kabon, wato irin wanda motoci da masana'antu ke fitarwa, riƙe zafi nesa ba kusa ba, sai dai bata daɗewa a sama, wajen shekara 12 ta lalace, shi kuwa kabon sai ya yi ɗaruruwan shekaru. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya FAO ta fitar a 2013 cewa harkar kiwo gaba ɗaya tana bada kashi 14.5 cikin ɗari na iskar ɗumama duniya da ɗan adam ke turawa sama, daga baya sun sake lissafi suka ce wajen kashi 12. Ko wanne ka ɗauka dai ba ƙaramin abu bane.

Amma fa inda nake rabuwa da su shine yadda suke haɗa kowane kiwo a kwando ɗaya. A Brazil ana sare dajin Amazon ana cinna masa wuta don a yi wa shanu makiyaya, wannan shine babban dalilin sare dajin nan, sannan waken suyan da ake nomawa a duniya kusan kashi uku cikin huɗu dabbobi ake baiwa ba mutane ba. A Amurka ana tara dubban shanu a gariƙe ɗaya ana ɗura musu masara. Shi kuma kakanka fa? Saniyarsa tana cin ciyawar da ni da kai ba za mu iya ci ba, a dajin da ko gero ba zai yi ba, da kaka ta shiga gona taci kara da harawa ta zubar da taki, manomi ya huta da sayen buhun takin zamani, matarsa ta tatsi nono ta kai kasuwa. In ka cire dabba daga Sahel ba gonar wake ce za ta maye gurbinta ba, yunwa ce. Sannan ga yawan cin, ba'amurke ɗaya yana cin sama da kilo 100 na nama a shekara, ɗan Najeriya bai kai kilo 10 ba. Duk nahiyar Afirka hayaƙin kabon ɗinta bai wuce kashi 4 cikin ɗari na duniya ba.

Kar kuma in yi son kai, mu ma muna da namu. Saniyarmu a rana da ƙyar take bada lita ɗaya zuwa biyu, ta yi tafiyar rani ta rame ta dawo ƙashi da fata, ta yi shekaru kafin ta isa yanka, duk tsawon lokacin nan kuma gyatsar take yi, don haka in aka raba iskar a kan kowace lita ta nono tamu tafi ta Holan yawa. Maganinsa ba a daina kiwo bane, a yi rigakafi, a tanadi harawa da dusa tun kaka, a rage tara garke don kawai a ce wane yana da shanu ɗari. An yi dokar keɓe makiyaya a Arewa tun 1965, yau kaje ka duba burtali nawa ya rage ba a nome shi ba ko an yanka filoti. A 2024 an ƙirƙiro ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya, muna dai zuba ido.

Gimbiyar Zazzau:

Malam na yarda da bayaninka amma ni ina ganin muna saurin fakewa da talauci. Shi mai tambayar nan ai ba a ruga yake ba, a Ingila yake, naman da yake saya a kanti ba saniyar kakansa bace, kazar da yake ci da waken suya aka ƙosar da ita wanda wataƙila daga Kudancin Amurka aka yo jigilarsa a jirgin ruwa. To a kansa shi dai maganar baturiyar nan tana da ƙamshin gaskiya, in ya rage bai yi asara ba. Akwai wani babban bincike da aka yi a jami'ar Oxford a 2018 da ya nuna dabbobi ne ke cinye kusan kashi 83 na filin noman duniya amma ƙarfin abincin da suke bamu kashi 18 ne kawai.

Kuma mu ɗin ma kar mu ce ba ruwanmu, yau mun haura miliyan 200 ana hasashen nan da 2050 za mu wuce miliyan 350, kuma duk wanda ya ɗan samu kuɗi abin da yake fara ƙarawa nama ne. Kajin gidan gona da suka cika ko'ina yanzu me suke ci? Masara da waken suya, abincin da talaka ke nema, shi yasa masu kaji da masu tuwo suke rububin buhu ɗaya a Dawanau. Ga wani abu da ba mai son a faɗa, ku tsaya bakin titi ku ga yadda ake loda shanu a tirela daga Maigatari ko Potiskum zuwa Legas, an ɗaure ƙaho an cusa su kan juna kwana da kwanaki ba ruwa ba abinci, wasu kafin a isa sun karye wasu sun mutu. Wannan ba sai baturiya ta gaya mana ba daidai bane, addininmu ma ya hana azabtar da dabba.

Abu Sumayya:

Tunda an taɓo addini bari in sa baki kaɗan. Nama halal ne, layya ibada ce, kuma a Suratul Ma'ida an hane mu da haramta abubuwa masu daɗi da Allah Ya halatta mana, don haka duk wanda zai ce yanka dabba zalunci ne a kan kansa to mun rabu da shi. Amma mutum ya rage ci don lafiyarsa ko don maslaha bai yi laifi ba muddin bai ce haramun bane. A Suratul A'araf cewa aka yi ku ci ku sha kada ku yi ɓarna. Ku je bayan gidan biki a unguwannin masu hali ku ga naman da ake zubarwa a bola, almajirai na tsaye a ƙofa.

Ɗan Maradi:

Sannunku da hira 'yan uwa. Ni tambaya ta biyu zan amsa, wadda ya ce mutum guda me zai canza. Ku zo nan wajenmu ku gani da ido. Bayan farin 1973 da na 1984 da suka kashe bisashe ba adadi, gonakin Maradi sun zama fili fetal, iska na kwashe ƙasa tana binne shuka sai mutum ya yi shuka sau biyu sau uku. An yi ta dasa itatuwa da kuɗin turawa suna mutuwa. Sai a shekarun 1980 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa ƴan tsirrai da manoma ke sarewa lokacin sharar gona ba ciyayi bane, kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa, in ka bar reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi ka sassabe sauran sai ya tashi ya zama icce. Mu sassaben zamani muke ce masa. Ba injin ba kuɗi, lauje ne da haƙuri. Da farko dariya ake ma masu yi ana cewa ragwaye ne basu iya sharar gona ba, amma maƙwabci ya ga na maƙwabci ya kwaikwaya, yau ana lissafin wajen hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a Nijar, galibi yankin Maradi da Damagaram.

Kuma ga inda ya haɗu da zancen kiwo, gawo da damina yake zubar da ganye bai tare ma gero rana, da rani ya yi ganye da 'ya'ya bisashe su ci su kwanta a inuwarsa su zuba taki. Icce da dabba da hatsi duk a gona guda. To ni a ganina aikin mutum guda yana tasiri in wanda wani zai gani ya ɗauka ne. Kai ka daina cin tsire a ɗakinka ba wanda ya sani, amma ka hana a sare gawon gonarku a yi gawayi duk ƙauye zai gani.

Malamin Dabbobi:

Ɗan Maradi ka tuna min. Ga wani aikin da kowa zai iya, leda. Ku tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa in ya farke tumbin saniyar cikin gari, dunƙulen leda ne ya cika shi, dabba tana ci bata ƙiba sai ramewa, mai ita yana ta sayen magani a banza. Ledar fiya wata da muke jefarwa a kwata ita ce wannan. Gimbiya kuma maganar tirela gaskiyarki ne, da ana yanka a nan a kai naman cikin motar sanyi da dabba ta huta, fatar da ƙashin ma sun zauna a Arewa.

Hajiya Mai Awara:

Ni abin da ya bani dariya wai sai an koya mana cin abinci ba nama. Ɗan wake fa? Ƙosai, alale, kwaɗon zogale da ƙuli, rama, dambu, faten tsaki, miyar kuka da daddawar kalwa, kunun gyaɗa, duk ba mai tsoka a ciki. Awarar da yara ke saya a bakin makaranta ita ce dai turawa ke saya da tsada a kanti. Ɗana in za ka rage ka rage, ba abin da zai same ka. Amma don Allah kar wani ya karanta wannan ya je ya hana yara da masu ciki madara da ƙwai, na yi aiki a asibiti na ga yaran da tamowa ta kama, uwa ba jini yaro ba jini. Akwai bitamin B12 da ba a samunsa a ganye ko wake sai daga dabba, su 'yan bigan ƙwayarsa suke sha ko a zuba musu a cikin abincin kanti, ka tambayi ƙawar taka za ta gaya maka. Matar ƙauye a ina za ta samo ƙwayar? Nonon da take damawa da fura shine nata.

Baƙon_Ingila:

Na gode ƙwarai jama'a Allah Ya saka. Zancen gawon nan zan kira yayana a gida in ji ko namu suna nan. Hajiya don Allah ya ake haɗa awarar, akwai waken suya a shagon Indiyawa kusa da mu, ta kantin nan ba ta da ɗanɗano sam.

Hajiya Mai Awara:

Ka jiƙa waken ya kwana, ka wanke ka markaɗa da ruwa yayi laushi sosai, ka tace da kyalle mai tsabta. Ruwan ka ɗora a wuta kana juyawa don yana saurin kamu kuma yana tashi ya zube, in ya tafasa ka rage wuta ka dinga zuba ruwan tsami kaɗan kaɗan, mu ruwan tsamin gasara muke sawa ko na tsamiya, kai da kake can lemon tsami ma ya wadatar. Za ka ga ya dunƙule ya rabu da ruwa, sai ka kwashe a kyalle ka sa gishiri da attaruhu da albasa ka ɗaure ka danne da abu mai nauyi kamar awa ɗaya, ka yanka ka soya. Dusar da ta rage a nan akuya muke baiwa, kai sai ka haɗa da fulawa ka soya ta. In za ka ɗiba wa baturiyar taka kar ka tsoma nata a ruwan ƙwai, kuma ka rage mata yaji.