Wane suna za mu ba kunamar nan ta hamadar Amurka?

Mai tambaya: Malamai, ana neman sunan Hausa na Hadrurus arizonensis, wadda ta fi kowace kunama girma a Amurka ta Arewa. Tsawonta kan kai santimita 14, tana zaune a hamadar Sonora da Mojabe, daga Arizona da Kalifoniya har arewacin Meziko. An kawo "duwun hamada". Ya dace?

Malamin ilmin halittu: Bai dace ba, ɗan'uwa. Da ka ce duwu, baƙa wuluk mai faffaɗan hannuwa Bahaushe zai hango. Ita kuwa wannan ƙafafunta da jelarta ruwan ɗorawa ne, gadon bayanta kaɗai ke da duhu. Girma ne kawai ya haɗa su.

Malamar asibiti: Malam, ni kalmar "hamada" ce ba na so. Hamada a kunnenmu Sahara ce, kuma kunamun Sahara irin su Androctonus da Leiurus, 'yan dangin Buthidae, dafinsu na kashe yara a yankin Agadez. Ta Amurkar ba danginsu ba ce. Harbinta zafi ne da kumburi, kusan na zuma, sai fa ga wanda jikinsa ba ya jure dafi. Mutum ya karanta cewa "kunamar hamada" ba ta kisa, a harbi ɗansa ya ƙi garzayawa asibiti, sunan da muka raɗa ne ya cuce shi.

Malamin ilmin halittu: Gaskiyarki, Hajiya. To mu kama ta da abin da ya fito fili a jikinta: gashi. Yana tsaitsaye a jela da ƙafafu da hannuwa, kuma da shi take jin motsin iska da girgizar ƙasa. Rana tana cikin rami, wani ya kai zurfin mita 2, inda akwai sanyi da ɗan danshi. Dare ya yi ta fito bakin ramin ta yi kwanto, gyare ko gizo-gizo ko ƙaramin ƙadangare ya gifta ta cafke. Muna da kalmar mai yawan gashi: gargasa. A ce "gargasar kunama".

Malamar asibiti: Na amince, amma a liƙa mata ƙasarta, don kada a ga ɗan gashi a ƙafar tamu a ce ita ce.

Mai tambaya: An tsayar: gargasar kunama ta Amurka. Saura gaɓar nan mai haƙora da ke ƙarƙashin cikinta, wadda take shafar ƙasa da ita.

Malamin ilmin halittu: Mataji. Guda biyu ne, kuma na namiji ya fi yawan haƙora; da ƙirgensu ake rarrabe shi da mace.