Shin mai ƙaramin jari zai iya fara haƙar kirifto da na'urar kansa?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da ɗan kuɗin da na tara, wanda bai isa sayen sabuwar na'urar haƙar Bitcoin ba (wato na'urar da ke lissafin tabbatar da hada-hadar wannan kuɗin intanet don a biya mai ita lada), kuma hanyoyi uku nake ta juyawa a raina: ko dai in sayi tsohuwar Antminer S9 ta hannu, wadda na ga ana sayarwa da araha ƙwarai, ko in haɗa kwamfuta mai katin GPU (katin da ke sarrafa hoto) ɗaya ko biyu, ko kuma in ɗauki ɗaya daga cikin ƙananan na'urorin nan da ake ajiyewa a kan tebur, irin su Bitaxe. A ɗakin da nake kwana zan ajiye ta, kuma da wutar gida zan yi amfani. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su faɗa mini wadda za ta iya mayar da kuɗinta, da abin da ya kamata in duba kafin in biya.

Injiniyan Lantarki:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka dubi kuɗin na'ura, ka ɗauko takardar kuɗin wutarka ka ga nawa ake sayar maka da yunit ɗaya, domin wannan adadin ne zai yanke hukunci. Na'ura sau ɗaya ake biyan kuɗinta, wuta kuwa kullum ake biya, dare da rana.

Bari in yi maka lissafin dalla-dalla. Ana fitar da bulok ɗaya na Bitcoin (wato ƙunshin hada-hadar da aka tabbatar, wanda ake biyan lada a kansa) kusan kowane minti 10, wato kimanin 144 a rana, kuma tun da aka raba lada biyu a watan Afrilun 2024, ladan kowane bulok ya sauko daga Bitcoin 6.25 zuwa 3.125. Ke nan kimanin Bitcoin 450 ne duk mahaƙan duniya ke rabawa a rana, ban da ɗan kuɗin hada-hada, kuma kowa yana samu ne gwargwadon ƙarfin na'urarsa. S9, wadda kamfanin Bitmain ya fitar a 2016, tana yin kimanin terahash 13.5 a daƙiƙa ɗaya (terahash ɗaya gwajin lissafi tiriliyan ɗaya ne), tana kuma jan wat 1,350 ko kusa da haka, wanda ya kama yunit 32 a rana. Idan muka ɗauka, don misali kawai, cewa ƙarfin duniya baki ɗaya terahash miliyan 600 ne, to rabonta a rana bai wuce satoshi 1,000 da 'yan kai ba, alhali satoshi miliyan 100 ne ke yin Bitcoin ɗaya. Ka raba wannan da yunit 32, za ka ga kowane yunit da ka ƙona yana dawo maka da satoshi 31. Ka juya satoshi 31 zuwa kuɗin da kake biyan wuta da shi a farashin ranar, ka kwatanta da kuɗin yunit ɗaya. A wutar gida, da wuya ƙwarai ya biya, kuma dalilin arahar tata ke nan: manyan mahaƙa sun riga sun yi wannan lissafin, shi ya sa suka zubar da ita.

Antminer S19 Pro ta 2020 ta fi ta nesa ba kusa ba, don tana yin terahash 110 da wat 3,250, wanda a misalinmu ya kama satoshi 100 da ɗoriya a kowane yunit. Sai dai tana cin yunit 78 a rana, tana buƙatar wuta mai ƙarfin bolt 200 zuwa 240 a kan layin da aka ware mata da waya mai kauri, ƙarar fankokinta ta kai desibel 75, kuma duk wutar da ta ci zafi take komawa a cikin ɗakin. Ba abar da za a kwana da ita ba ce, kuma soket ɗin da ka saba cajin waya da shi zai iya narkewa idan ka ɗora masa wannan nauyin.

Mai Haɗa Kwamfuta:

Na yarda da lissafin Injiniya, amma ina ganin bai kamata a rufe wa Malam ƙofa gaba ɗaya ba, matuƙar ya bambanta neman riba da neman koyo.

Game da GPU, zamaninta na samun kuɗi ya wuce tun ranar 15 ga Satumban 2022, lokacin da kuɗin kirifto na Ethereum ya daina amfani da haƙa ya koma tsarin ajiye jari. Ɗimbin katunan da ke haƙar sa sai suka kwarara zuwa ƙananan kuɗaɗe irin su Ethereum Classic da Ravencoin, kuma da yake ladan waɗannan bai taka kara ya karya ba, sai rabon kowa ya zama kaɗan. Saboda haka ba zan ba kowa shawarar sayen kati don haƙa kaɗai ba. Abin da kati ya fi ASIC (wato na'urar da aka ƙera don haƙa kaɗai, irin su S9) da shi ɗaya ne: idan haƙar ta ƙi, za ka iya sayar da shi ga masu wasannin kwamfuta ko masu tace bidiyo, ita kuwa ASIC aiki ɗaya tak ta iya.

Shawarata ita ce ka fara da kwamfutar da kake da ita, ba tare da ka sayi komai ba. Kuɗin kirifto na Monero yana amfani da tsarin haƙa mai suna RandomX tun ƙarshen 2019, wanda aka ƙera musamman don ya dace da furosesan kwamfuta ta yau da kullum. Ka sauke manhajar XMRig daga asalin masu ita, ka buɗe walet (asusun ajiyar kirifto), ka shiga gungun mahaƙa (masu haɗa ƙarfinsu su raba lada), ka bar ta ta yi aiki na 'yan makonni kana auna wutar da take ci da ƙaramar mitar nan da ake sakawa a soket. Abin da za ka samu ba zai taka kara ya karya ba, amma za ka fahimci yadda gungu ke biya, da yadda zafi ke rage gudun na'ura. Kada dai ka yi wannan da laftof, domin ba a yi ta don ta wuni ta kwana tana aiki iyakar ƙarfinta ba.

Mai Neman Sani:

Na gode muku, Allah ya ƙara sani. To ita Bitaxe fa? Na ji ana cewa akwai waɗanda suka ci bulok ɗungurungum da ƙaramar na'ura irin wannan.

Injiniyan Lantarki:

Yana faruwa jefi-jefi, kuma duk lokacin da ya faru sai labarin ya bazu, amma ba a ba da labarin dubban da ba su samu komai ba. Na'urar tana yin kimanin terahash 1 da wutar da ba ta wuce wat 20 ba, ba ta da ƙara sosai, kuma tsarin ƙirarta a buɗe yake ga kowa, saboda haka ta dace da ɗaki da kuma mai son koyo. Sai dai idan ka yi haƙa kai kaɗai da ita, a misalin da na bayar damarka a kowane bulok ɗaya ce cikin miliyan 600, kuma da yake bulok kimanin 52,560 ake fitarwa a shekara, matsakaicin lokacin jira ya haura shekara 11,000. Ka tuna kuma cewa ana sake daidaita wahalar haƙa bayan kowane bulok 2,016, kusan mako biyu ke nan, don haka duk lokacin da sababbin na'urori suka shigo, rabonka raguwa yake yi ko da na'urarka ba ta canja ba.

Tsohon Mahaƙi:

Idan duk da haka ka samu wuta mai araha da wurin da iska ke ratsawa har ka yanke shawarar sayen ASIC ta hannu, kada ka biya sai an kunna ta a gabanka ta yi aƙalla awa ɗaya. Ka buɗe shafin na'urar a kwamfuta ka tabbatar allunan haƙa guda uku duk suna aiki, domin an saba sayar da wadda ɗaya ya mutu, sannan ka duba ko an haɗa maka da akwatin wutarta, ka kuma leƙa ciki ko akwai tsatsa ko alamar ƙuna. Da ka kai ta gida, ka sake ɗora mata manhaja daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, saboda akan samu wadda aka lalata ta yadda wani kaso na aikinta ke tafiya walet ɗin wani. Masu ce maka ka turo kuɗi su yi maka haƙa a wata gonar na'urori da ba ka taɓa gani ba, tare da alkawarin riba tsayayya kowace rana, ka guje su, domin mahaƙin gaskiya bai san abin da zai samu mako biyu masu zuwa ba, balle ya lamunce wa wani. Kalmomin sirrin walet ɗinka kuma ka rubuta su a takarda, gungun mahaƙa adireshin karɓa kawai yake buƙata daga gare ka.