Me ya sa Queen suka daina rangadi a 1986 alhali ba su daina fitar da kundi ba?

Bashir:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai game da Queen, ƙungiyar kiɗan rok da aka kafa a Landan a 1970. Wasansu na ƙarshe tare da babban mawaƙinsu Freddie Mercury shi ne na Knebworth da ke Ingila, ranar 9 ga Agusta, 1986, amma bayan haka sun fitar da kundin The Miracle a 1989 da Innuendo a 1991. Yaya ƙungiyar da ta yi suna da iya riƙe dandali za ta bar dandali tana tsakiyar tashe? Kuma me ya hana Amurka shiga cikin wancan rangadi na ƙarshe?

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam, Malam Bashir. Babban dalili shi ne lafiyar Freddie. A 1989 ya shaida wa manema labarai cewa yana son hutawa daga tsarin da suka saba, na fitar da kundi sannan a bi shi da rangadi, amma abin da jama'a ba su sani ba shi ne yana fama da cutar ƙanjamau. Bai bayyana hakan ba sai ranar 23 ga Nuwamba, 1991, washegari kuma ya rasu yana da shekara 45. Wanda ya saba tsere daga wannan gefen dandali zuwa wancan har kusan awa biyu yana waƙa, ba zai yarda a gan shi a tsaye wuri guda yana haki ba. Ɗakin ɗaukar murya kuwa yana ba shi damar yin aiki gwargwadon ƙarfinsa, ya huta, ya dawo. Muryoyin da ya ɗauka a Montreux ta Suwizalan a watanninsa na ƙarshe suna cikin abin da sauran 'yan ƙungiyar, Brian May da Roger Taylor da John Deacon, suka haɗa suka fitar da kundin Made in Heaven a 1995.

Hauwa:
Maganar Amurka kuma ta girmi rashin lafiyar. A 1980 kundin The Game ya kai su ƙololuwa a can, har waƙoƙinsa biyu suka hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi tashe. Sai kundin Hot Space na 1982 ya karkata zuwa kiɗan disko, abin da bai yi wa masoyan rok daɗi ba, kuma rangadin wannan shekarar shi ne na ƙarshe da suka yi a Arewacin Amurka tare da Freddie. Bidiyon I Want to Break Free na 1984, wanda suka sa kayan mata a cikinsa suna kwaikwayon wani wasan talabijin na Birtaniya, ya ƙara dagula al'amarin, domin Ingila ta ɗauke shi a matsayin barkwanci, Amurka kuwa ba ta ɗauke shi haka ba. A ganina ba su yi asara sosai ba, tunda tun 1981 sun riga sun cika filayen ƙwallo a Ajantina da Barazil.

Malam Habibu:
Malama Hauwa, na yarda da ke, sai dai bai kamata a tsallake 1984 ba tare da ambaton Sun City, wani wurin shaƙatawa a Afirka ta Kudu, ba. Sun je sun yi wasa a can, a yankin Bophuthatswana, a daidai lokacin da mawaƙan duniya suka ƙaurace wa Afirka ta Kudu saboda mulkin wariyar launin fata. Ƙungiyar mawaƙan Birtaniya ta ci su tara, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta sa sunansu cikin jerin waɗanda suka karya takunkumin. Ina matuƙar ƙaunar kiɗansu, amma wannan tafiya ba ta da hujja, kuma abin ya fi yi mini ciwo ganin cewa Freddie haifaffen Zanzibar ne. Abin da ya farfaɗo da martabarsu shi ne Live Aid, wasan tara kuɗin agaji da aka yi a filin Wembley na Landan, ranar 13 ga Yuli, 1985, inda cikin kimanin minti 20 Freddie ya sa mutum 72,000 suna tafi a tare suna amsa masa. Ƙarfin wannan rana ne ya haifar da rangadin 1986, wanda ya kai su har Budapest a zamanin da Hungari take ƙarƙashin mulkin gurguzu.

Bashir:
Na gode ƙwarai. To, wa ya san dalilin da ya sa John Deacon ya janye tun 1997, har bai shiga rangadin da aka yi da Paul Rodgers ko da Adam Lambert, mawaƙan da suka rera waƙoƙin bayan rasuwar Freddie, ba?