Wa ya taɓa zuwa Campbell River kamun kifi?

Maman Hanifa: Salamu alaikum. Muna zaune a Vancouver ta ƙasar Kanada, maigida ya matsa mu je Campbell River a watan Agusta, wai can ne cibiyar kifin salmon. Ni dai yara nake tunani. In ya tafi fatsa, akwai abin da za mu yi? Kuma ta ina ake bi?

Baba Sani: Wa alaikumus salam, 'yata. Ku hau jirgin fito daga Horseshoe Bay zuwa Nanaimo, sai ku miƙe arewa a mota, tafiyar kusan awa 2. Maigida ya sayi lasisin kamun kifi na teku ta intanet, haɗe da tambarin salmon, in yana so ya taho da kifin gida. Da maraice ku tsaya bakin ruwa ku ga 'yan ƙungiyar Tyee ta masu kamun manyan salmon, wadda aka kafa a 1924. Kwale-kwale ake tuƙawa da hannu, ba inji, kuma ba ka zama ɗan ƙungiya sai ka kama kifin da nauyinsa ya kai fam 30. Na ga wani dattijo ya sha fama da ɗaya, sandar fatsarsa ta lanƙwashe kamar baka.

Yaya Bilki: Yara kam ba za su gaji ba. Ki kai su Elk Falls su haye gadar lilo, ruwa na ruri a ƙasa. Akwai kuma jiragen kallon orka, wata ƙatuwar dabbar teku mai baƙi da fari. Amma ki ɗauki rigunan sanyi, iskar teku ba ta san bazara ba.

Maman Hanifa: Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, yara ma sai da lasisi?