Canza batirin MP3: gyara ne ko zubar da kuɗi?

Mai Shago, Tsohuwar Kasuwa: Salamu alaikum jama'a. Ni dai ra'ayina ke nan, wanda zai ji haushi ya ji. Duk wanda ya kai MP3 ko iPod ko ɗan rediyon nan mai memori a canza masa batiri, kuɗinsa ya zubar. Batiri na mutuwa, na'ura ta gama. Ka kwashe abin da ke ciki ka zuba a waya, ko ka sayi sabuwa. Kamfanin Apple da kansu sun daina yin iPod, na'urarsu ta sauraren sauti, tun 2022, mu ne za mu tsaya yi masa gadi?

Baban Asma'u, Mabera: Wa alaikumus salam. Alhaji, kai da sababbi kake sayarwa, me za ka ce in ba haka ba?

Mai Shago: Ko gawayi nake sayarwa haka zan ce.

Mai Gyara, Runjin Sambo: Alhaji, ka haɗa abubuwan da ba ɗaya ba ne. Rediyon memori da dattawa ke rataye wa, yawancinsu batirin BL-5C suke ɗauka, irin na tsofaffin Nokia. Ka zame murfin baya da babban yatsa, ka cire, ka saka wani. Ko wurina ba sai an zo ba. Masu ɗan girma kuma 18650 ne a ciki, dogon nan mai zagaye, shi ma cirewa ne kawai. Wanda ya yar da rediyo don wannan shi ne ya yi asara.

iPod Classic na buƙatar hannu, amma batirinsa ba da dalma aka kama shi ba, ɗan siririn fuleks ne, wato waya mai faɗi kamar zirin leda, ake zarewa daga fanel. Na 2005 mai fuskar roba yana buɗuwa ba gardama. Na bayansa mai fuskar ƙarfe shi ne ɗan wahala, don maƙallan cikinsa ƙarfe ne, in ka matsa da ƙarfi bayan ya lanƙwashe kuma ba zai koma daidai ba. Inda zan ɗan ba ka gaskiya shi ne iPod Nano da ƙananan MP3 masu maƙalawa a aljihu. Waɗannan da dalma aka liƙa wayoyin batirin, wurin kuma a matse yake.

Kawu, Arkilla: Wagga magana ta a zuba a waya ita ce ban gane ba. Ina cikin sauraren tafsiri kira ya shigo, ko yaro ya zo ya ce Baba ara mini. Rediyona ba mai kira nai, ba mai aro nai. Tun da anka sa mai sabon batiri ina kunna shi bayan asuba ya kai ni hantsi.

Malama, Gawon Nama: Kawu ya faɗi tawa. Yaran da nake wa hadda ba zan miƙa musu waya mai intanet ba. MP3 ɗin sura ce kawai a ciki, yaro ya maimaita har ta zauna. Abin da nake tsoro ɗaya ne, in an cire batiri karatun ba zai goge ba?

Mai Gyara: Ba zai goge ba, Malama. Karatun yana kan memori, kuma memori ba ya buƙatar wuta don ya riƙe abin da ke cikinsa. Agogo ne kawai zai iya rikicewa. Mai iPod ne zai yi hattara da wani abu daban: in aka jona shi da kwamfutar da ba tasa ba, iTunes, manhajar Apple ta zuba sauti a iPod, kan tambaya ko a goge a daidaita. Mai gyara mai gaggawa ya danna eh, shi ke nan an tafi da komai. Ba batiri ne ya cinye ba.

Mai Shago: To na ji. Amma wane batirin za ku saka? Ni a kasuwar nake, na san abin da ke shigowa. BL-5C na asali 1020mAh aka rubuta masa, wato yawan cajin da yake riƙewa, yanzu za ka ga mai jiki iri ɗaya an buga masa ninki biyu ko uku. Ka ɗora a tafin hannu ka ji ba nauyi. Na iPod kuma, an daina Classic tun 2014, wanda za ka samu ko dai na wasu kamfanoni ne ko wanda ya daɗe a kwali. Batiri kuwa ko ba a taɓa shi ba yana tsufa. Ka biya kuɗin batiri, ka biya kuɗin hannu, kafin damina ka dawo. Sabuwar ƙaramar MP3 nawa take?

Mai Gyara: Wannan ƙorafin gaskiya ne, ba zan musa ba. 18650 da aka rubuta wa 9900mAh ƙarya ce tsagwaronta, na kirki ma bai cika wuce 3500 ba. Amma Alhaji, sabuwar MP3 mai arahar da kake cewa a saya, wane batiri ne a cikinta? Daga tukunya ɗaya aka ɗebo su. Bambancin shi ne a gyara kana ganin abin da aka sa maka, a sabuwa kuwa a rufe yake.

Ɗan Kabu-kabu, Wamakko: Ku duk kun wahalar da kanku. Batirina ya kumbura har ya ɗaga murfi, abokina ya sa allura ya ɗan huda gefe, iska ta fita, ya kwanta. Har yanzu yana kawo wuta.

Mai Gyara: Don Allah ƙanena, cire shi yau. Yau ɗin nan, ba gobe ba.

Ɗaliba, Danfodiyo: Yaya, Allah ne ya kiyaye ku. Ba iskar waje ce ta shiga ba, ruwan sinadarin cikin batirin ne ya lalace ya koma gas. Cikinsa falle-falle ne a naɗe, tsakanin ɓangaren mai ƙari da mai ragi akwai wata 'yar leda siririya da ke raba su. Allura ta ratsa ta, ɓangarorin su haɗu, zafi ya tashi nan take, kuma wutar litiyam ba ta da sauƙin kashewa. Ko bai kama a lokacin ba, kun buɗe wa danshi ƙofa, ga hayaƙin da ke fita mai guba ne. Kuma a aljihun gaba kake sa shi kana tuƙi.

Ɗan Kabu-kabu: To firij fa? An ce in an sa a firij yana farfaɗowa.

Ɗaliba: Ba ya farfaɗowa. Sanyi ba ya mayar da abin da ya lalace, in ka fito da shi ma raɓa ce za ta kwanta masa. Zafi dai shi ne ke saurin kashe shi. Apple sun ce a yi amfani da iPod tsakanin digiri 0 zuwa 35, kuma sun ce batirinsa zai riƙe kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 400. Mu nan a Afrilu sama da 40 muke gani a inuwa. Wanda ke barin nasa a gaban mota ko kan tankin mashin, ko ya jona caji ya tura ƙarƙashin filo, kada ya zargi mai gyara.

Mai Shago: Kin ga kin ƙara mini hujja, 'yata. In zafin Sakkwato zai kashe sabon ma, me ya sa za a yi ta canzawa?

Baban Asma'u: Tayar mashin ma zafin kwalta na cinye ta, ba mu ga ana yar da mashin ba.

Ɗaliba: Baba Alhaji, Tarayyar Turai ma ta yi doka a 2023 cewa daga Fabrairun 2027 yawancin ƙananan na'urori sai an yi su yadda mai su zai iya cire batiri ya canza da kansa.

Mai Shago: Turai daban, Tsohuwar Kasuwa daban. Su in sun saya na gaske suke samu.

Malama: Ni dai na yanke, zan canza. Mai Gyara, nawa irin mai dalma ne. Me zan duba kada a sa mini na banza?

Mai Gyara: Ki ce a buɗe a gabanki. A jikin tsohon za ki ga lamba shida, misali 503035, ma'ana kauri milimita 5, faɗi 30, tsawo 35. Sabon kada ya fi shi kauri ko da kaɗan, in an danne shi da murfi matsala ce, har gilashin na iya fashewa. Ya zama bolt 3.7. A bakinsa, ƙarƙashin salatif mai ruwan ɗorawa, akwai ɗan guntun fanel da ke tsayar da caji in ya cika, kada ki yarda da wanda ba shi da shi. A sa mita ki gani, wanda ya faɗi ƙasa da bolt 3 tun a kwali a ajiye shi gefe. In yara sun tafi hutu kuma, ki bar shi da rabin caji, kada ki ajiye shi a mace.

Kawu: Tsohon batirin hwa, mi za a yi da shi?

Mai Gyara: Kada a jefa a bola, Kawu, don ana cinna mata wuta kuma yara na tono. A naɗe bakin wayoyin da salatif, a sa a gwangwani mai yashi nesa da ɗaki, a miƙa wa mai gyara.

Mai Shago: Na rediyo na sallama muku. Na Malama kuwa ina nan kan bakana, kuɗin hannu da na batiri sun kusa kuɗin sabuwa. Ta canza, in ya wuce bazara lafiya ta zo shago ta faɗa mini.

Malama: Zan zo, Alhaji, amma ba sayayya ba.