Shin Sai Modabod Mai Tsada Ake Ƙara Wa Furosesa Gudu?

Mai tace bidiyo, Bukuru: Assalamu alaikum jama'a. Ina da furosesa Ryzen 5 5600, kuma ina neman modabod, wato allon da ake ɗora kayan kwamfuta a kansa, da zan ɗora ta a kai domin in ƙara mata gudu fiye da wanda kamfani ya ƙayyade. Wani ɗan'uwa ya ce mini duk mai son wannan aiki kada ya kalli allon da bai kai samfurin X570 ba, wai samfurin B550 na masu aikin ofis ne. Ina so in ji ta bakinku kafin in fitar da kuɗi, domin ratar farashin ba ƙarama ba ce.

Dillalin kayan kwamfuta, Terminus: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ɗan'uwan nan naka gaskiya ya faɗa maka, kuma araha ba ta ado. Idan ka tura furosesa, wutar da take ja tana ƙaruwa, zafi ma yana ƙaruwa, kuma kamfanoni suna zuba ingantattun kayansu ne a manyan alluna, ba a ƙanana ba. Bayan haka, gobe kana iya samun hali ka sayi Ryzen 9 5950X mai kai 16, wato sassan aiki 16 a cikinta, sai ka tarar allon da ka saya da sauƙi ba zai ɗauki nauyinta ba. Gara ka saya sau ɗaya ka huta.

Mai gyaran kwamfuta, titin Ahmadu Bello: Alhaji, da izininka, a nan mun saɓa. Harafin da ke jikin kwali, X ko B, sunan cif ɗin da ke kula da ramukan USB da na faifan ajiya ne, ba shi ne yake ciyar da furosesa wuta ba. Mai wannan aikin shi ne sashen da ake kira VRM, wato jerin ƙananan kayan da ke kewaye da mazaunin furosesa, waɗanda suke karɓar bolt 12 daga tukunyar wutar kwamfuta su sauke shi zuwa kimanin bolt 1.3 ko ƙasa da haka. Idan wannan sashe ya yi zafi ƙwarai, allon da kansa yake rage wa furosesa gudu, ko da nawa aka saye shi. Akwai allunan X570 na ƙasa-ƙasa waɗanda VRM ɗinsu bai kai na MSI B550 Tomahawk ko ASUS TUF Gaming B550-Plus ba, saboda haka harafi kaɗai ba ya ba da tabbacin komai.

Abin da X570 ya fi B550 da shi a zahiri shi ne yawan hanyoyin PCIe 4.0, wato hanyoyin wucewar bayanai masu sauri, wanda ke amfanar mai faifan ajiya masu sauri da yawa. B550 ma yana ba da PCIe 4.0 ga katin hoto da faifan ajiya na M.2 guda, kuma wannan ya ishi yawancin mutane. Sannan a tuna cewa 5600 furosesa ce ta wat 65, wato ba ta jan wuta da yawa. Yawancin allunan X570 na farko kuma suna da ƙaramar fanka a kan cif ɗin, wadda ƙurar hunturun Jos take toshewa har ta fara ƙara.

Ɗalibin injiniya, Jami'ar Jos: Ina ganin na san inda wannan magana ta samo asali. A ɓangaren Intel dokar gaskiya ce: sai furosesa mai harafin K, kamar i5-12600K, ta haɗu da allo mai harafin Z, kamar Z690 ko Z790, sannan a iya ɗaga lambar gudunta. B660 da B760 suna barin mutum ya ƙara wa ram gudu, amma ƙofar furosesa a kulle take. AMD kuwa tun fitowar Ryzen a 2017 ta bar wannan ƙofa a buɗe a allunan B, jerin A ne kawai, irin su A320 da A520, aka hana. Mutane sun ɗauki ƙa'idar wani gida sun ɗora wa wani.

Dillalin kayan kwamfuta, Terminus: Na ji bayanin ɗalibi, kuma ban musa ba. Sai dai ku masu karatu kuna magana ne a kan B550 mai kyau, ni kuwa ina magana ne a kan abin da yake shigowa kasuwa. Da yawa daga allunan B da ake kawowa na hannu ne, ƙanana, wasu ma ko ƙarfen shan zafi babu a kan VRM ɗinsu. Wanda bai san yadda ake dubawa ba, idan na ce masa ya sayi X570, aƙalla na rage masa hatsarin faɗawa kan irin waɗannan.

Mai gyaran kwamfuta, titin Ahmadu Bello: To ai dubawar ba ta da wuya, Alhaji, a koya masa kawai. Ya duba ko akwai ƙarfe mai kauri a hagu da saman mazaunin furosesa, ya tabbatar ramin wutar furosesa mai ƙafa 8 ne, sannan ya nemi a kunna allon a gabansa a shiga BIOS, wato shafin saitunan allon.

Malamar kwamfuta, Rayfield: Ina so in ja hankalinku ga abin da ba a taɓo ba, wato ribar da za a samu daga aikin gaba ɗaya. Furosesoshin zamani suna ɗaga gudunsu da kansu gwargwadon sanyin da suka samu; 5600 tana kaiwa gigahaz 4.4 ba tare da an taɓa komai ba. Abin da ya rage a tatsa da hannu kaɗan ne, shi ya sa masu Ryzen 5000 suka fi amfani da PBO da Curve Optimizer, saitunan AMD da ke cikin BIOS, inda ake rage bolt ɗin da furosesa ke sha domin ta daɗe tana gudu ba tare da ta yi zafi ba. Duka biyun suna aiki a B550. Ga mai tace bidiyo kuma, ram guda biyu na DDR4-3600 da na'urar sanyaya mai kyau za su nuna bambanci fiye da ƙarin kuɗin allo. Game da ƙara wuta barkatai kuwa, ya kamata a tuna da abin da ya faru a 2024, lokacin da Intel ta amince cewa yawan bolt yana lalata wasu furosesoshinta na zubi na 13 da na 14, har ta fitar da gyara ta BIOS ta kuma ƙara shekara biyu a kan garanti.

Ni abin da ya fi damuna shi ne wutar gidajenmu. Sanyin Jos yana taimakonmu, ba kamar masu Abuja a watan Maris ba, amma ba ya maganin wutar da take ɗaukewa tana dawowa da ƙarfi. Kuɗin da za a ƙara a hau X570, a sa shi a tukunyar wuta ta kirki da UPS.

Mai tace bidiyo, Bukuru: Na gode Malama, na gode Alhaji. Tambaya ɗaya ta rage mini: an nuna mini B450 Tomahawk Max na hannu da sauƙi sosai, ko zai yi?

Mai gyaran kwamfuta, titin Ahmadu Bello: Zai ɗauki 5600, amma sai BIOS ɗinsa ya zama sabo, domin an ƙera B450 kafin Ryzen 5000 ta fito a 2020, kuma za ka rasa PCIe 4.0. Wannan allon yana da maɓallin sabunta BIOS ta filas ba tare da furosesa ba. Kada dai ka fara sabuntawar sai kana kan UPS ko inbata.

Dillalin kayan kwamfuta, Terminus: Ni har yanzu da babban allo na fi natsuwa, musamman ranar da za ka sayar. Amma idan B550 za ka ɗauka, ka zo da furosesar taka da ram ɗinka a gwada a shago kafin ka biya.